Ba Kowane Tsohon Ƙarfe Ne Na Sikeli Ba

A Yelwa ta Bauchi, kamar sauran unguwanni, 'yan jari-bola kan bi gida-gida suna sayen tsofaffin na'urori a kan sikeli. Su dai nauyi suke biya, ba su tambayar asalin kaya. Amma kuwa a Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin kwamfutocin gida da kayan ƙara musu ƙarfi, kuma su ba ruwansu da nauyi.

Cikin 1980, shekarar da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bauchi, wadda ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin 1988, kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da wata 'yar kwamfuta mai suna ZX80. Ƙanwarta ZX81 ta biyo baya cikin 1981. Kowacce ƙwaƙwalwarta kilobait 1 ce tak, watau ko shafi guda na jarida ba za ta riƙe ba. Saboda haka sai kamfanin ya riƙa sayar da wani ɗan akwati mai kilobait 16 a kan fam 49.95, ana maƙala shi a bayanta. Da ya ɗan motsa, aikin yini guda ya salwanta.

To, yaya ake gane darajar irin waɗannan kaya? Abu na farko shi ne yawansu. An sayar da ZX81 fiye da miliyan ɗaya da rabi, don haka akwatin nata bai yi wuyar samu ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda ya fi ƙaranci shi ne na ZX80, watau guntuwar ƙwaƙwalwa mai kilobait 8 da ta zo tare da sabon shafin madannai, domin ta yi aiki kusan irin na ƙanwarta.

Na biyu shi ne cikar kaya. Wanda ba a taɓa ɗaurawa ba, yana cikin kwalinsa da littafinsa, ya fi wanda aka yi wa gyara nesa ba kusa ba. Na uku kuwa shaidar asali: rasit, da lambar kamfani, da sanin hannun da ya bi. Kwamfutar Apple-1 ta 1976, wadda aka ƙera kamar 200 kawai, an yi gwanjon guda ɗaya a New York cikin 2014 a kan dala 905,000.

Ba kowane tsohon allo ne zai yi wannan kuɗi ba, yawancinsu ma 'yan canji ne. Duk da haka, malami ko ɗalibi ko mai gyara a Yelwa da ya ci karo da irinsu a ɗakin ajiya, ya kamata ya karanta sunan da lambar, ya adana kwalin, kada kuma ya jona wa wuta kafin masani ya duba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.