Mazauni da Ɗabi'un Jan Tsuntsun Duwatsun Jos

A cikin wannan takarda za mu yi bayani ne a kan wani ɗan ƙaramin tsuntsu wanda masana suke kira Lagonosticta sanguinodorsalis, watau mai jan baya kamar jini. Tsawonsa bai wuce santimita 11 ba. Namijin yana da kai ruwan toka, da jan baya da jan ƙirji. Launin macen bai kai nasa kauri ba. Ana samunsa a tsaunukan Jos, da kuma duwatsun Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru.

Mazauninsa shi ne tsakankanin manyan duwatsu, inda ciyawa da ƙananan itatuwa suka tsiro a cikin tsaguwar fā. A ƙasa yake kiwo, yana tsintar 'ya'yan ciyawa, galibi mace da namiji tare. Da rani yakan yi nisa wajen neman ruwa, sa'an nan ya koma dutsensa. Wajen ƙarshen damina yake sheƙa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hulɗarsa da wani baƙin tsuntsu mai suna Vidua maryae. Wannan ba ya sheƙa sam. Macensa takan faki ido ta zuba ƙwanta a cikin sheƙar jan tsuntsun. Idan an ƙyanƙyashe, zanen da ke cikin bakin ɗan baƙon yakan yi kama da na 'ya'yan gida, saboda haka iyayen su ciyar da shi ba tare da sun gane ba. Shi kuwa ba ya kashe 'yan riƙonsa, tare suke tashi. Namijin yakan koyi kukan uban riƙonsa, ya riƙa rera shi idan ya girma. Macen kuma, mai irin wannan kuka take zaɓa, kuma a irin sheƙar da ta tashi take zuba ƙwai.

Wannan kwaikwayo ne ma ya taimaka aka gane jan tsuntsun, domin sai a 1998 Robert Payne ya bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, alhali baƙon nasa ya sami suna tun 1982.

A ganinmu, a nan matsalar take. Masu fasa dutse da masu saran itacen girki suna cin wannan mazauni sannu a hankali, kuma duk dutsen da jan tsuntsun ya bari, baƙon ma ba shi da inda zai zuba ƙwansa a wurin.