Sauya 'Yan Wasa da Maganar Ciniki a Wasan "Fela!"

A Amurka akwai wani nau'in wasan kwaikwayo na dandamali wanda ake tafiyar da labarinsa cikin waƙa da rawa. Irinsa ne "Fela!", watau tarihin Fela Anikulapo Kuti, wanda Bill T. Jones ya tsara, aka buɗe shi a Broadway ta birnin Niyok cikin Nuwamba 2009.

Bisa al'adar wurin, sau takwas ake wasa a mako. Mai fitowa a matsayin Fela kuwa ba ya sararawa: waƙa da rawa da zolayar 'yan kallo duk a kansa suke. Saboda haka aka raba aikin tsakanin Sahr Ngaujah da Kevin Mambo, suna karɓa-karɓa, domin tsare murya.

Sauyin da aka yi a Satumba 2010 ya fi kama da na kasuwa. Lillias White ta bar matsayin Funmilayo, mahaifiyar Fela, aka ɗauko Patti LaBelle, mawaƙiyar da sunanta kaɗai kan sayar da tikiti. Ai kullum sai an biya makaɗa da 'yan rawa da hayar zaure, ko kujeru sun cika ko ba su cika ba. Ga shi kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido, waɗanda su ne ginshiƙin cinikin Broadway, ba su san Fela sosai ba.

Lambobin Tony uku da wasan ya ci, da sunayen Jay-Z da Will Smith cikin masu ɗaukar nauyinsa, ba su hana rufe shi ran 2 ga Janairu 2011 ba. A Afrilun shekarar aka kai shi Legas.