Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Tawali'u a Littafin Duban Sinawa

Sinawa suna da wani tsohon littafi mai suna Yijing, Littafin Sauye-sauye. Asalinsa na duba ne, kuma an fara tsara shi a zamanin daular Zhou ta Yamma, wadda ta yi mulki daga wajen shekara ta 1046 zuwa 771 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekara ta 136 kafin haihuwar tasa, sarki Wu na daular Han ya sa shi cikin manyan littattafai biyar da hukuma ke naɗa malaman koyar da su. Daga nan ya shiga karatun masu neman aikin gwamnati, har zuwa 1905 da aka soke tsohuwar jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

Littafin yana da gidaje 64. Kowane gida zane ne na layi shida a jere daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ko dai cikakke ne ko mai tsaga a tsakiya. Mai tambaya yakan ɗauki tsinkaye hamsin na wata ciyawa, ya ware ɗaya gefe, ya yi ta kasa sauran 49 yana ƙirgawa har layi shida su fito. Daga baya aka samo hanya mafi sauri, wato jefa kwabbai uku sau shida. Wanda ya san bugun ƙasa da gidajensa goma sha shida zai gane fasalin abin nan take. Musulmi ya san hukuncin duba, ya kuma san gaibu na Allah ne. Abin da ya sa littafin ya cancanci mu san shi shi ne yadda ya gina ɗabi'ar al'umma guda tsawon shekaru dubbai, musamman ta gida na goma sha biyar, Qian, gidan tawali'u.

Kowane gida haɗi ne na alamomi biyu. A wannan gidan, alamar dutse ce a ƙasa, alamar ƙasa kuma a samanta. Kowa ya san dutse shi ke tsayawa bisa ƙasa a hango shi daga nesa, amma a nan ga shi da dukan nauyinsa ya shige ƙarƙashi. Ma'anar ita ce mai tawali'u ba fanko ba ne. Yana da ilimi ko dukiya ko iko, sai dai bai ɗora su a ka yana yawo ba. Layi ɗaya ne kacal cikakke a gidan, na uku daga ƙasa, kuma bayaninsa yana magana kan mutumin da ya sha wahalar aiki, ya yi nasara, bai kuma tsaya neman a yaba masa ba. Malaman Sin sun daɗe suna nuna cewa cikin gidaje 64 ɗin nan, wannan ne kaɗai duka layukansa shida ke ɗauke da bushara. Sauran ba a rasa gargaɗi ko haɗari a wani saƙonsu. Ko gida na farko, gidan ƙarfi da ɗaukaka, layinsa na ƙoli yana kwatanta macijin almara mai tashi sama da ya wuce iyaka, ƙarshensa nadama.

Matsayin gidan a jeri ma da gangan ne. Na goma sha huɗu gidan yalwar arziki ne, kuma tsohon sharhin da ke bayanin jerin ya ce an biyo shi da tawali'u ne saboda mai abu da yawa bai kamata ya cika ya batse ba. Sinawa na dā sun ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar yadda duniya ke tafiya: rana in ta kai tsaka sai ta karkata, wata in ya cika sai ya fara raguwa, ruwa yana barin tudu ya taru a kwari. Wani tsohon littafin Sin mai suna Xunzi ya kawo labarin malamin nan Konfushiyas, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya shiga ɗakin ibadar sarki Huan na ƙasar Lu ya ga wani tulu a rataye. In babu komai a ciki yana karkace, in an zuba ruwa rabi sai ya miƙe, in an cika shi sai ya kife. Masu mulki kan ajiye irinsa kusa da wurin zamansu don tunasarwa.

Kada a ɗauka ana koyar da tsoro ko noƙewa ne. Layi na biyar da na shida na wannan gida suna maganar fita yaƙi don ladabtar da masu tayar da ƙayar baya, kuma sharhin gidan ya umarci shugaba ya rage daga inda abu ya yi yawa ya ƙara inda ya yi kaɗan, ya auna ya raba daidai. Wannan ɓangare ya fi burge ni, domin ya fitar da tawali'u daga sunkuyar da kai da taushin murya, ya kai shi wajen rabon hatsi da haraji, inda talaka zai ga amfaninsa.

Ita kanta tambayar da ake yi wa littafin tana da ladubba. Malam Zhu Xi, wanda ya rayu daga 1130 zuwa 1200, ya rubuta cewa mai tambaya ya gyara tufafinsa, ya wanke hannu, ya ƙona turare kafin ya taɓa tsinkayen. Gida na huɗu yana gargaɗin cewa wanda ya sami amsa ya ƙi ta, ya yi ta maimaita tambaya har sai ya ji abin da yake so, ya yi rashin kunya kuma ba za a ƙara amsa masa ba. Har yau a ɗakin ibadar Wong Tai Sin da ke Hong Kong, mutane suna durƙusawa suna girgiza gwangwanin gora mai cike da tsinkaye masu lamba har ɗaya ya faɗo.

Labarin da ya fi bayyana inda al'adar ta dosa shi ne na Yuan Liaofan, wanda aka haifa a 1533. Yana matashi wani tsoho mai duba da ake kira Kong ya lissafa masa rayuwarsa: matsayin da zai samu a kowace jarrabawa, cewa ba zai haifi ɗa ba, kuma zai mutu yana da shekara 53. Bayanan farko suka yi ta fitowa daidai, har ya saki jiki ya daina neman komai. A 1569 ya haɗu da wani malamin addinin Buddha mai suna Yungu a dutsen Qixia kusa da Nanjing. Malamin ya tambaye shi ko yana ganin ya cancanci babbar shaidar karatu da ɗa. Yuan ya yi shiru yana nazari, sannan ya amsa cewa bai cancanta ba, ya lissafa laifuffukansa da bakinsa: saurin fushi, sakin baki, da raina mutane saboda yana ganin ya fi su kaifin basira. Daga nan ya ɗauki alkawarin ayyukan alheri dubu uku, ya buɗe littafi yana rubuta alherinsa da sharrinsa kullum. Ya sami ɗa, ya ci babbar jarrabawa a 1586, ya zama hakimin Baodi, ya rasu a 1606 yana da shekara saba'in da ɗoriya. Darussa huɗu ya rubuta wa ɗansa, na ƙarshensu kan amfanin tawali'u. A ciki ya ce cikin mutum goma na garinsu Jiashan da suka je jarrabawar 1571, ya ga alamar nasara a jikin ƙaraminsu Ding Bin, saboda ko an zage shi ba ya ramawa. Ding Bin kuwa ya ci.

Akwai abin da ban yarda da shi ba a tsarin Yuan. Tawali'un da ake rubutawa a littafin lissafi ana jiran a biya shi da muƙami ya kusa zama ciniki, kuma da yawan masu ƙanƙan da kai sun mutu ba su ci jarrabawar komai ba. Amma ku lura da abin da ya faru: mutumin da duba ya ɗaure ya kuɓuta ne ta hanyar duba halinsa. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, littafin Xunzi ya ce wanda ya ƙware a Yijing ba ya yin duba da shi.

Irin wannan karatu Zeng Guofan, wani babban jami'in daular Qing, ya yi wa Yijing. Ya sa wa ɗakin nazarinsa suna mai nufin neman a rage wani abu bai cika ba. A 1864 rundunarsa ta Xiang ta ƙwace Nanjing daga 'yan tawayen Taiping, ya zama mutum mafi ƙarfin soja a daular Qing, fada kuma ta fara kallonsa da ɗar-ɗar. Cikin ɗan lokaci ya sallami kaso mai yawa na sojojin da hannunsa, ƙanensa da ya jagoranci kama birnin ya koma gida da sunan jinya. Zeng ya rasu a 1872 a Nanjing yana kan kujerar babban gwamnan yankin Liangjiang.