Kurungu a Akwatin Gilashi: Kiwon Kifinmu Bisa Doka

Ɗalibai da dama sun ɗauka kifin ƙasashen waje ne kaɗai ya cancanci zama a akwatin gilashi. Alhali kuwa kogin Kwara da na Binuwai cike suke da abubuwan al'ajabi. Akwai wani jinsin kurungu da kan yi iyo a rigingine, yana tsintar abinci a saman ruwa. Ga kuma minjirya, mai kare kanta da lantarkin jikinta.

Sai dai kuma kogi yana da ƙa'ida. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta haramta yin su da guba, ko nakiya, ko lantarki. Dalili shi ne guba ba ta zaɓe, har ƙananan da za su hayayyafa gobe takan hallaka. Dokar ta kuma hana fitar da rayayyen kifi waje ba tare da izini ba.

Saboda haka, mai sha'awar wannan kiwo ya fara tuntuɓar sashen kula da kifi na jiharsa, ya nemi shawarar Sarkin Ruwa, sannan ya saya daga masunci mai lasisi. Kada kuma ya saki kifinsa a wani ruwa daban, domin yana iya yaɗa cuta.