Karayar Gwiwar Hannu a Yara: Awoyin da Ba a Wasa da Su

Shirinmu na yau zai tsaya ne a kan gwiwar hannun yaro, da irin aikin da likitocin ƙashi ke yi mata idan ta karye. Iyaye mata, ina roƙon ku matso kusa da rediyo, domin galibi ku ne kuke kwana da yaron da ke kukan ciwo.

(Kiɗa)

Idan bazara ta kama, mangwaro ya nuna, asibitocin ƙashi sun san abin da ke tafe. Yaro ya hau bishiya ko katanga, reshe ya ɓalle, ya faɗo ya dafa ƙasa da tafin hannu, hannun a miƙe. Nauyin jikinsa gaba ɗaya sai ya sauka a kan wani wuri guda, can ƙarshen ƙashin damtse, daidai saman gwiwar hannu. A wurin nan ƙashin yaro faffaɗa ne amma siriri ƙwarai, shi ya sa yake karyewa da sauƙi. Wannan ita ce karayar da aka fi gani a gwiwar hannun yara, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7.

Abin da ya sa likitoci ke tashi tsaye a kanta shi ne maƙwabtan ƙashin. Ta gabansa babbar jijiyar jinin da ke shayar da hannu ta wuce, ga kuma, kewaye da shi, jijiyoyi 3 masu kai saƙon motsi da na ji zuwa yatsu. Bakin karyayyen ƙashi na da kaifi, yana iya danne su, ko ya tsarge su, ko ma ya yaga. Don haka za ku ga likita, tun kafin ya tura a ɗauki hoto, ya taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya matsa farcen yaron ya ga ko jini na komawa da sauri. Sai ya ce masa, ɗaga babban yatsa, ware yatsunka, haɗa babban yatsa da manuniya ka yi zobe. Kowane motsi jijiya guda yake tambaya.

A shekarar 1959 wani likita a Amurka, John Gartland, ya kasa wannan karaya gida 3, kuma har gobe da rabon nasa ake aiki. Idan ƙashin ya tsage bai goce ba, filasta ta mako 3 zuwa 4 ta wadatar. Idan ya karkace, ko ya rabu biyu kwata-kwata, a mafi yawan lokuta sai an shiga ɗakin tiyata. Na san kalmar tiyata na tsinka zuciyar uwa, to amma ku ji yadda aikin yake. Ana sa yaron barci. Likita ya ja hannun a hankali ya mayar da ƙashin mazauninsa, yana kallo ta na'urar hoto, sau da yawa ba tare da an tsaga fata ba. Sai a soka siraran wayoyin ƙarfe 2 ko 3, masu kauri kamar tsinken tsire ko ƙasa da haka, su riƙe ɓangarorin biyu. Wani likitan Jamus, Martin Kirschner, ya fito da waɗannan wayoyi a 1909. Bayan mako 3 ko 4 a zare su, galibi ba sai an sake komawa tiyata ba.

Mafi yawan yaran da aka yi wa wannan aiki a kan lokaci hannunsu na komawa daidai. Ko jijiyar motsi ta bugu, yatsa ya ƙi lanƙwasa, yawanci da kanta take farfaɗowa cikin 'yan watanni. Gwiwar kan sage bayan an cire filasta, amma wasa da hidimar yau da kullum su ke warware ta. A nan ina jan kunnen kakanni: kada a kama hannun yaro ana murzawa ko ana miƙar da shi da ƙarfin tsiya wai don ya saki. Irin wannan tausa na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gwiwar ta kafe har abada.

(Kiɗa)

Yanzu ga inda zuciyata ta fi tsayawa. A garuruwanmu da ƙauyukanmu, yaro na karyewa wurin mai ɗori aka fi fara nufa. Ba na ganin baiken iyaye. Mai ɗori na kusa, an san gidansu tun kaka da kakanni, kuɗinsa da sauƙi, yana ma iya yin haƙuri sai an samu. Matsalar tana cikin ɗaurin. Ana jera karare ko tsinkayen gora kewaye da hannu, a naɗe da tsumma, a ɗaure tamau don kada ƙashi ya motsa. Hannun kuwa yanzu ya fara kumburi, kuma zai ci gaba da kumbura kwana 2 ko 3.

Tsokokin da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu suna cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗawa. Kumburi na turowa daga ciki, ɗauri na matsewa daga waje, sai ƙananan hanyoyin jini su toshe. Tsokar da ta rasa jini na awa 6 zuwa 8 ta fara mutuwa, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Tabo ne ke maye gurbinta, ya ƙanƙance, ya janyo yatsu su dunƙule, wuyan hannu ya lanƙwashe, hannun ya tsotse. Richard von Volkmann, likita a birnin Halle na Jamus, ya bayyana wannan nakasa a 1881, kuma tun a wancan lokacin ɗauri mai tsanani ya ɗora wa laifi. Gaskiya ɗaya ce, filastar asibiti ma idan ta matse haka take yi, shi ya sa ake tsaga ta ko a sa rabi a kwanakin farko.

Yaya uwa za ta gane? Ciwon ne ba ya lafawa, sai ƙaruwa. An ba da magani, ba a jima ba yaron ya koma ihu, ya kasa kwanciya, ya kasa zama. Ki ɗan miƙar masa da yatsa ɗaya a hankali. Idan ya zabura da ƙara, wannan babbar alama ce. Yatsun na iya kumbura, su yi sanyi, su dushe ko su yi duhu, ya ce miki yana jin kamar kiyashi na yawo a ciki. Kada a ce ai ƙashi ne ke haɗuwa. Kuma ranar da ciwon ya ɗauke ɗif bayan kwanaki ana kuka, yatsu ba sa motsi, ba sauƙi ba ne, jijiyoyin ne suka mutu.

Idan aka kwance ɗaurin aka isa asibiti da wuri, akwai aikin gaggawa. Likita na tsaga fata da tantanin tun daga gwiwa har zuwa tafin hannu, tsokar ta samu wurin numfashi, jini ya dawo. A bar ciwon a buɗe na 'yan kwanaki, sannan a ɗinke, ko a yanko fata daga cinya a rufe. Tabon dogo ne, ba kyan gani, amma hannun na riƙe alƙalami da cokali.

Idan an makara, labari ya sha bamban. Ana iya sassauto tsokokin daga tushensu don yatsu su buɗe. Ana iya karkato jijiyar wata lafiyayyar tsoka ta ɗauki aikin wadda ta mutu. A manyan cibiyoyi har tsoka ake ɗaukowa daga cinya a dasa, a ɗinke jijiyoyinta a ƙarƙashin madubin likita. Bayan haka sai watanni na gashi, domin jijiyar saƙo kusan milimita 1 take tsirowa a rana. Duk da wannan wahala da kashe kuɗi, hannun taimako ake samu, ba irin wanda aka haife shi da shi ba. Idan kuwa ya riga ya ruɓe, ya yi baƙi yana wari, yankewa ce kaɗai ke tsirar da ran yaron. Daga nan ne zancen nan ya samo asali, wai asibiti yanke hannu suke yi. Hannun da aka kai musu a mace ne suke yankewa, amma maƙwabta suna ganin an dawo da dungu sai su ƙara gudun asibitin.

Akwai kuma wanda ya tsira daga duk wannan, sai dai ƙashin ya haɗu a karkace, hannun ya gantsare zuwa ciki. Jira ba ya gyara shi, domin kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse daga wajen kafaɗa yake tsirowa, ɓangaren gwiwa ba shi da ƙarfin miƙar da kansa. Sai an sake yanka ƙashin an daidaita. Irin waɗannan ayyuka ana yin su a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, da asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya.

Ga masu ɗori da ke sauraronmu, da girmamawa nake magana: karayar gwiwar hannun yaro ba ta ɗauri ba ce, ku tura ta a ɗauki hoto. Ga iyaye kuma, a cire wa yaron zobe, awarwaro ko kambu kafin kumburi ya kama su. A tallabe hannun yadda ya fi masa daɗi, a rataye shi da ɗankwali sako-sako, kada a ja, kada a lanƙwasa da ƙarfi. Kada a ba shi abinci a hanya, domin idan aiki ya kama, ana son ciki ya yi awa 6 babu abinci kafin a sa shi barci.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, a huta lafiya.