Safar Taya: Amfaninta a Kan Ƙanƙara da Iyakarta a Cikin Laka

Komai girman mota, nauyinta yana sauka ne a kan ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, wanda a ƙaramar mota bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta nan ƙarfin inji yake zama tafiya, ta nan kuma birki yake kamawa. Da zarar wani abu mai santsi ya shiga tsakanin roba da ƙasa, sai taya ta dinga juyawa a wuri ɗaya, ko motar ta zame ta bar hanya. A ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara ce ke jawo haka. A Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin Kaduna kuwa, lakar damina ce.

Tsohuwar dabarar Turawa ita ce sarƙa. A 1904 wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ya yi rajistar sarƙar da ake ɗaura wa taya, har yau kuma ana amfani da irinta. Tana cizon ƙanƙara sosai, sai dai ga nauyi, ga ƙara, ga wahalar ɗaurawa da hannun da sanyi ya ƙandarar. In ta tsinke a kan tafiya, tana iya fyaɗar jikin mota ko ta yanke tiyon birki.

A ƙarshen shekarun 1990 aka ɓullo da wata hanya a ƙasar Norwe, wadda kamfanin AutoSock ya yi suna da ita: safar taya, wato riga ta yadi mai ƙarfi, saƙar zaren roba, da ake sanya wa taya. Bakinta yana da roba mai talewa. Direba zai lulluɓe saman tayar da ita, ya matsar da motar kaɗan, ya ƙarasa rufe ragowar, ita kuma ta daidaita kanta idan an fara tafiya. Ana sa ta ne a tayoyin da inji yake juyawa. Aikin minti kaɗan ne, ba a buƙatar jak.

Yadda take kama ƙasa shi ne abin lura. Abin da ke sa ƙanƙara santsi shi ne wani siririn ruwa da yake kwance a samanta, wanda gugar taya ke ƙara shi. Robar taya ba ta shan ruwa, don haka sai ta hau kansa ta sulale. Yadi kuwa yana tsotse ruwan ya watsar da shi yayin da tayar ke juyawa, ƙananan zaruruwansa kuma su maƙale wa dusar. Shi ya sa safar da ta ɗan yi gashi-gashi saboda aiki ba ta lalace ba tukuna. Amma tana da sharuɗɗa. Masu ƙera ta sun hana wuce gudun kilomita 50 a awa a ƙaramar mota, na manyan motoci ma bai kai haka ba. Busasshiyar kwalta na cinye ta cikin ɗan lokaci, saboda haka ana cire ta da zarar an fita daga ƙanƙara. Hukumomi sun karɓe ta: tun daga 1 ga Nuwamba 2021 dokar Faransa ta wajabta wa masu mota a yankunan duwatsu su sa tayoyin sanyi, ko su riƙe sarƙa ko safa a mota, daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Maris.

Zuwan a-kori-kura mai aiki da lantarki ya ƙara wa safar amfani. Irin waɗannan motoci nauyi gare su saboda batir: Ford F-150 Lightning tana kusan tan 3, Rivian R1T ta haura haka, GMC Hummer EV ma ta wuce tan 4. Nauyin yana danne taya a ƙasa, abin da ke taimakawa wajen tashi, amma idan mota ta fara zamewa a gangara, nauyin nan ne zai hana ta tsayawa. Injin lantarki kuma yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya daga taka totur, ba ya jiran hawan giya. Akwai kuma birkin da yake kamawa da kansa idan direba ya ɗaga ƙafa, don mayar da wuta cikin batir; a kan santsi yana iya kama mota da ƙarfin da ya wuce kima, shi ya sa motoci da dama suke da wurin rage shi. Ƙari a kan haka, tayoyin wasunsu manya ne, sararin da ke tsakaninsu da jikin motar kaɗan ne, har masu ƙerawa kan taƙaita irin sarƙar da aka yarda a sa. Yadi ba shi da kauri, yana shiga inda ƙarfe ba zai shiga ba.

Ƙanƙara ba ta kwanta a hanyoyin arewacin Kaduna, ko a tsakiyar hunturu. Matsalar tana zuwa ne daga Mayu zuwa Oktoba, musamman a Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Babban titin Zariya zuwa Kano da ya ratsa Tashar Yari kwalta ne, amma kayan gona ba a bakin kwalta suke ba. Raken Makarfi, da tumatirin Ikara, da inabin Kudan, da masarar ƙauyukan da ke kewaye da Hunkuyi, sai mota ta bi burji da hanyar gona kafin a ɗauko su. Fadama ma ko da rani takan jiƙe da ruwan ban ruwa.

A nan safar taya ba ta da wani abin a zo a gani. Ruwan saman ƙanƙara siriri ne, ƙarƙashinsa kuma akwai abu mai tauri da za a kama. Laka kuwa mai zurfi ce, tana toshe saƙar yadi a juyi kaɗan, sai tayar ta koma sumul, ta fi da santsi. Tsakuwar burji kuma ta yayyaga abin da ya rage. Abin da laka take so shi ne taya mai zurfin zane da faɗin tsagi, wadda take tona ƙasa tana kuma zubar da abin da ta kwasa. A Turai doka ta hana hawa tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6, amma wannan ma'aunin kwalta ne; a taɓo, taya takan gaza tun kafin ta suɗe haka. Tayoyin gwanjo da ake saya saboda araha sukan zo ne rabin zanensu ya riga ya tafi.

Direbobi da yaran mota suna da nasu dabarun, kuma suna kan hanya. Idan mota ta kafe, akan haƙe gaban taya da shebur, a shimfiɗa buhu ko kara ko ganyen rake ko katako, wato a ba roba wani abu mai kaushi da za ta taka. Rage iskar taya kaɗan yana faɗaɗa wurin da ta taɓa ƙasa, muddin za a mayar da iskar wajen mai faci kafin a hau kwalta da kaya. Babban kuskure shi ne danna totur: tayar sai ta haƙa wa kanta rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Daga nan sai an sauke kaya ko an nemo tarakta.

Motocin lantarki sun fara shigowa Nijeriya. An harhaɗa Hyundai Kona a Legas, Mustapha Gajibo ya ƙera ƙananan bas masu batir a Maiduguri, tsadar fetur tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma ta sa masu sufuri sun fara sauraron zancen. Idan irin wannan a-kori-kura ta iso hanyoyin gona, za ta zo da fa'ida ɗaya: na'urarta tana gane taya ta fara sulalewa, ta rage mata ƙarfi da saurin da injin fetur ba ya iyawa. Nauyinta kuwa zai sa ta fi nutsewa a taɓo, batir ɗinta kuma shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, daidai inda dutse da kututture da ruwan rafi suke fara taɓawa. Mai niyyar saye zai duba tsayin cikinta daga ƙasa, da zurfin ruwan da masu ƙera ta suka ce tana iya ratsawa, da ko ana samun taya mai zanen laka daidai girmanta a Zariya ko Kano.