Ɗaurin Kan Silinda a Injin Tsohon Babur

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure, ko yake cin kasuwannin Roni da Gwiwa da Babura, ba zai rasa yin kiciɓis da wani tsohon babur ba jefi-jefi, irin waɗanda suka cika ƙasar nan bayan da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji a 1975. Daga cikinsu akwai Honda C70 da CD175 da CG125, akwai kuma Vespa. Yau baburan Sin da na Indiya sun mamaye hanya, amma waɗancan ba su ƙare ba, ko da yake da yawansu sun ba shekara 40 baya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana aiki guda ɗaya tak daga cikin ayyukan da ke tsawaita ran irin waɗannan injuna ko su gajarta shi, watau ɗaure kan silinda, wanda kanikawa suka fi sani da "top silinda".

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da ake ɗaurewa. Silinda ita ce ramin da fistin ke kai-da-kawowa a ciki. Kan silinda kuwa shi ne murfinta, a jikinsa fulogi yake, haka ma bawul-bawul idan injin mai bawul ne. Tsakanin silinda da murfin akwai wani siririn faifai da ake kira fakin ko gasket, aikinsa toshe kafa. Dogayen ƙusoshi masu zare, galibi guda 4, su ne ke tasowa daga gangar injin su ratsa silinda da murfin, a ɗaure su da noti daga sama. A ƙarƙashin wannan murfi ne fetur da iska ke kamawa da wuta. Faɗin fistin na C70 milimita 47 ne kacal, amma kowace fashewa tana tunkuɗar murfin da ƙarfin da ya kai nauyin ɗaruruwan kilo. Idan injin yana juyi 5,000 a minti guda, to fashewa 2,500 ke nan notin nan huɗu suke tarewa kowane minti.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, ƙusar ƙarfe tana miƙewa. Yayin da aka murɗa noti, ƙusar kan ƙara tsawo ɗan ƙanƙane wanda ido ba ya gani, sa'an nan ta yi ta ƙoƙarin komawa yadda take, kamar tsirkiyar baka da aka ja. Wannan ƙoƙari nata shi ne ke danne murfi a kan fakin. In ɗaurin ya yi kaɗan, ƙarfin fashewa zai riƙa ɗaga murfin, wuta ta sami kafa ta ci fakin. In kuwa ya zarce kima, ƙusar za ta wuce iyakar da za ta iya dawowa, ta saki jiki har abada, ko ta katse, ko kuma ta tumɓuke zaren da ke riƙe da ita a gangar injin, wadda da alminiyam aka yi ta, ƙarfe mai taushi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, domin gyaransa ya kan kai ga sauke injin ɗungurungum.

Bugu da ƙari, ga sha'anin zafi. Alminiyam ya kan buɗe da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. Saboda haka da injin ya ɗau zafi, murfin ya kumbura fiye da ƙusoshin da ke riƙe da shi, ɗaurin ya ƙaru da kansa. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su. Baburin da ya ɗauko buhun gero yana nishi da giya ta ɗaya cikin rairayin Babura, ko yana hawan tudun Roni da tsakar ranar bazara, iskar da ke bugunsa kaɗan ce, ita ma mai zafi. Notin da aka ƙure tun injin yana sanyi, a irin wannan hali ba shi da sauran wurin numfashi. Dalili ke nan da ya sa ba a kwance kan silinda, ba a kuma ɗaure shi, sai injin ya huce sarai.

To, yaya ake gane kima? Masu ƙera babur sun rubuta awon kowane noti a littafin injin. A tsofaffin littattafan Japan da kilo da mita ake lissafi. Notin kan silinda na C70, mai ƙusa milimita 6, awonsa wajen kilo 1 ne a mita 1, watau kamar a rataya nauyin kilo guda a ƙarshen sandar da tsawonta mita guda ne. Idan sifanar da ke hannu santimita 20 ce, nauyin kilo 5 ake bukata a bakinta, kwatankwacin kwano biyu na gero. Yanzu mai karatu ya auna yaron shago da ya zura bututu mai rabin mita a sifana ya ja da ƙarfin kilo 20: ya ninka awon sau 10. Injuna masu ƙusa milimita 8 su kan nemi tsakanin kilo 2 da 3. Akwai sifana mai awo wadda ke yin ƙara ko ta nuna da allura idan an kai kima. A ganina, kuɗinta bai kai asarar gangar inji guda ba. Gaskiya ne tsohon bakanike ya kan ji kima a tafin hannunsa, amma wannan ji da karyayyun ƙusoshi aka saye shi, kuma masu babura ne suka biya.

Ko da sifana mai awo, akwai tarko. Kusan kashi 9 cikin 10 na ƙarfin da ake murɗawa gogayyar zare da ta gindin noti ce ke cinye shi, ragowar ne ke miƙar da ƙusa. Zaren da ya yi tsatsa, ko ƙurar hunturu ta daskare a cikinsa, zai sa sifana ta ce an kai alhali murfi bai dannu ba. Zaren da aka jiƙe da baƙin mai kuwa, inda littafi bai ce a sa ba, zai sa a zarce ba a sani ba. Don haka sai a wanke zare tas, a gwada noti da yatsa a ga yana tafiya sumul.

Sai batun jeri. Ba a ƙure noti ɗaya a koma na kusa da shi, domin murfin zai karkata ya danne fakin ta gefe guda. Masu ɗaurin ganga sun san haka: wanda ya ja tsirkiya ta gefe ɗaya kaɗai, fata za ta goce. Da farko a ɗaura duka huɗun da hannu. Daga nan a bi su a gicciye, na sama ta dama, sai na ƙasa ta hagu, sai sauran biyun, a ba kowanne sulusin awo. A sake zagayowa da kashi biyu cikin uku, kana a cika a zagaye na uku. Wajen kwancewa ma haka ake bi, kaɗan-kaɗan. A C70, ɗaya daga cikin wosha huɗun ta jan ƙarfe ce, domin ta gefen wannan ƙusa ne baƙin mai ke hawa zuwa bawul. In aka musanya mata wuri, mai zai yi ta tsattsafowa, mai babur ya yi ta zargin fakin a banza.

Tsufa kuma yana da nasa hukunci. Murfin da aka sha kwancewa shekara da shekaru ya kan ɗan lanƙwashe. Ana gane wannan ta kifa shi a kan gilashi mai kauri, ana kuma gyara shi ta shimfiɗa takardar goge ƙarfe mai laushi a kan gilashin a riƙa murza shi a hankali har fuskarsa ta daidaita. Ƙara ɗauri ba ya miƙar da lanƙwasasshen murfi, sai dai ya karya ƙusa. Fakin da ya riga ya dannu ba a maimaita shi, in banda na jan ƙarfe zalla irin na tsofaffin baburan Ingila kamar BSA, wanda ake gasawa ya yi ja a bar shi ya huce, ya koma da taushinsa, aikin da kowane maƙeri ya iya. Vespa kuwa, da yawa daga cikin injunanta ba su da fakin a ka sam, ƙarfe ne ke zaune a kan ƙarfe, don haka daidaiton fuska da jerin ɗauri su kaɗai ne ke riƙe da wutar.

Bayan an tayar da injin ya yi 'yar tafiya ya sake hucewa, sabon fakin ya kan ɗan kwanta, ɗaurin ya ragu, sai a koma a bi notin da awo karo na biyu. A injuna irin CG125, inda sanduna ne ke tura bawul daga ƙasa, duk saukar da murfi ya yi tana taɓa tazarar bawul, saboda haka bayan ɗaurin na biyu dole a sake auna ta. A C70 ma a kan duba wannan tazara duk lokacin da aka mayar da murfi, kuma milimita 0.05 ce idan injin yana sanyi, watau ba ta kai kaurin takardar da ake karanta wannan maƙala a kanta ba.